Hatimi da Kwalin Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Daga bakin Baba na fara jin sunan, kuma ba cikin daɗin rai ba. Ina goge gilashin kanta a shago, shi yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, sai na ji ya yi tsaki ya ce, "Ga Hatimin nan kuma." Na ɗauka hatimin roba yake nema, wanda muke buga wa bayan hotuna, har na ja aljihun tebur ina lalube. Da na ɗago sai na ga wani dogon saurayi yana tsallako kwata, jakar kwamfuta a kafaɗa, yana murmushi tun daga nesa kamar wanda aka yi wa albishir. Wajen Yayata ya zo. Bayan shekara guda ya aure ta, kuma har yau ban ji wani a gidanmu ya kira shi da sunansa na yanka ba.

A gidanmu ni ce mai riƙe abin da ya wuce. In ana gardamar shekarar da aka sauya rufin ɗaki, ko wanda ya fara tafiya a cikin jikoki, ni ake kira. Yanzu an fara ba da labarin abin da ya sami kwalin Baba ta wata fuska, ana cewa rashin fahimta ne, kowa ya yi haƙuri. Kafin wannan magana ta zauna ta zama gaskiya, gara in ajiye tawa.

Ba zan zalunci Hatimi ba, ko da yake zuciyata na so. A layin bayan tasha ya tashi, a hannun kawunsa mai gyaran rediyo. Da ya gama sakandare ya kama aiki a wani shagon kwamfuta, yana buga wa mutane takardar neman aiki da katin gayyata. A nan ya koyi zane, kuma ya iya, wannan ba na musu. Ya zana wata kyanwa mai ƙaton tabarau tana hararar duniya, ya sa a intanet. Kafin wata ya ƙare kyanwar ta shiga wayar kowa. An buga ta a riguna, an manna ta a bayan motocin haya, har wani mai sabulu ya sa ta a allon tallarsa. Shi da ya zana, ko sannu ba wanda ya ce masa. Yaya ta ce akwai ranar da yake tafiya a ƙasa cikin rana, motar haya ta wuce shi da kyanwarsa a jikinta, shi kuwa ba shi da abin shiga. Abin ya tsaya masa a rai, kuma na yarda ciwo ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne irin darasin da ya ɗauka daga satar da aka yi masa.

Sai ga wannan harka da suke kira NFT. Na ji yadda ya bayyana wa Baba ita, yana tsugune a gabansa tun yana neman aure.

"Baba, ku ɗauka akwai wani littafi da kwamfutoci dubbai suke riƙe da shi tare, kowace da kwafinta. Abin da aka rubuta a ciki ba mai iya gogewa. Sai in je in rubuta cewa wannan zanen nawa ne, in buga masa hatimi. Kowa na iya kallon zanen, amma hatimin guda ne tak. Shi nake sayarwa. In wanda ya saya ya sake sayarwa, ina da kasona."

"To shi mai sayen me zai rataya a ɗakinsa?"

"Ba rataya ake yi ba, Baba. Mallaka ce."

"Wato ka sayar wa mutum rasit, kaya kuma suna titi."

Hatimi ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce Baba ya fi matasa da yawa ganewa. Hatimin kyanwar ya sayu, ya bar shagon kwamfuta, ya kama ɗaki mai taga biyu. Magana ɗaya biyu sai ya ce hatimi, har abokansa suka liƙa masa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. Amma kasuwar intanet ba ta da amana. Bayan auren da 'yan watanni masu saye suka gaji da zane. Ya zana kare, ya zana mujiya, ba wanda ya taya. Ya ce yanzu fuskokin gaske ake nema, tsofaffin hotuna, irin waɗanda takardarsu ta fara ja. Tun daga lokacin ya riƙa zuwa gaida Baba sau uku a mako, idonsa na ƙarƙashin kanta.

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana ɗaukar hoto a shago ɗaya. Labule mai zanen teku, kujera mai hannu, furen roba, da wata baƙar lema da mata suke son riƙewa. Tun da waya ta shigo ba mai zuwa sai masu neman hoton fasfo. Duk unguwa Mai Hoto ake ce masa, haka ma aka rubuta a allon shago. A ƙarƙashin kanta akwai wani kabad mai makulli, a cikinsa kwali, a cikin kwalin hotunan mutanen da suka zo aka ɗauke su ba su dawo karɓa ba. Baba bai taɓa jefar da ko ɗaya ba. Yakan ce hoton da ba a karɓa ba ajiya ce, mai ajiya kuwa ba ya gajiya. Bai cika yarda da suna ba, domin wasu sunan ƙarya suke bayarwa, saboda haka da fensir yake rubuta kwanan wata a baya da abin da ya gani: "tsoho mai tari, ya ƙi cire hula", "'yan biyu, ɗaya na kuka". Ina aji ɗaya a sakandare ya ba ni littafi ya ce in kwafe su duka, kowane da lambarsa. Ɗari uku da sha ɗaya ne. Da idonsa ya fara rauni ya ɗaura makullin a zare ya ba ni.

Ranar da Hatimi ya kawo maganar ina wurin. Ya ce takarda na lalacewa, ɗanshi na cinta, gara a shigar da hotunan kwamfuta a sa su a intanet, duniya ta ga aikin Baba. Ya ce akwai masu biya.

Baba ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Hoto ai na mai hoto ne. In mai hoto ya yarda, ni wane ne da zan hana?"

Hatimi ya ɗaga kai ya dubi allon shago, ya dubi Baba, ya ce, "To ai shi ke nan, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ga inda ake cewa an yi rashin fahimta. A bakin Baba, mai hoto shi ne wanda ya zauna a kujerar nan aka ɗauke shi. A bakin unguwa, Mai Hoto shi ne Baba. A bakin Hatimi kuma, kamar yadda muka gane daga baya, akwai na uku, wato wanda ya sayi hatimi. Kalma ɗaya, mutum uku, ya zaɓi wanda ya yi masa a kowace rana.

Ni na buɗe kabad ɗin. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Ya zo da na'urarsa ya ajiye a kan kanta, ina miƙa masa yana shigarwa, yana tsokanata irin ta mijin yaya, yana kirana Rajista saboda littafin.

"Rajista, in kin mutu wa zai gaji kan nan naki? Ki bari in buga masa hatimi tun da wuri."

"Ka fara buga wa bakinka, ko ya huta."

Guda arba'in ya zaɓa a ranar, ya ce gwaji ne.

Ba a yi mako biyu ba ya shigo yana washe baki. "Baba, an samu mai hoto na bakwai. Har ya biya."

Baba ya gyara zama. "Na bakwai? Duba mana littafi."

Na duba. Wani saurayi ne da keke, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

"Allah sarki. Yana raye ashe. Yana ina yanzu?"

"Yana nesa, Baba. Ta intanet ya gani."

"Ka ga abin da nake faɗa muku. Mai ajiya ba ya gajiya." Ya juyo gare ni. "Rubuta an karɓa."

Na ce, "To ga hoton nan a kwali, wa zai kai masa?"

Hatimi ya ce, "Ya ce a ci gaba da ajiye masa."

Na rubuta. Haka muka yi ta yi, na sha biyu, na talatin da ɗaya, na uku. Duk wanda aka "samu" Baba sai ya tuna ranar da ya ɗauke shi, ya yi masa addu'a. Hatimi ya saya masa sabon tabarau, ya sa fanka a shago, ya gyara inda rufi ke yoyo. Yaya ta yi ƙiba, ta daina kuka da tsadar kaya. Ni kuwa abin ya fara yi mini wari, domin ban taɓa ganin inda mutum goma sha tara suka nemi hotonsu ba, kuma ba ko ɗaya da ya so ya riƙe shi a hannu. Amma na ga Baba yana dariyar da ya daɗe bai yi ba, na ja bakina na yi shiru. Shirun nan yana cikin abin da nake bin Hatimi, ko da yake nawa ne.

Wata ranar Talata da hantsi wata dattijuwa ta shigo. Tsohuwar malamar firamare ce, na san fuskarta a layin asibiti. Ba ta zauna ba. Ta ajiye waya a kan kanta ta tura ta gaban Baba.

"Malam, kai ka ɗauki wannan?"

Baba ya sa tabarau ya kasa gani, ya miƙo mini. Lamba ta ashirin da shida ce. Na san rubutun bayanta a kaina: "mace mai lema, tsohon ciki, ta ce a yi sauri". Amma ba yadda na san hoton ba. Wani ya ƙara mata haƙorin zinariya da sigari, ya rubuta maganar banza a kan cikin. Malamar ta ja hoton da yatsa, ga wani, an sa mata kan jaki. Ga wani kuma, wani baƙo can wata duniya ya sa fuskarta a matsayin tasa, ya rubuta cewa shi ne mai ita.

Baba ya ce, "Malama, ai an ce mini kin karɓa. Mun rubuta."

"Na karɓa?" Ba ta ɗaga murya ba. "Jikata ce ta nuna mini jiya, 'yan ajinsu ke yawo da shi. Mijina na aiki a nesa lokacin, na zo in aika masa ya ga yadda na zama. Kwana huɗu bayan nan na haihu, yaron bai zo da rai ba. Da gangan na ƙi dawowa. Na san yana nan, ina wucewa ta ƙofar nan shekara da shekaru, ina cewa yana hannun mutumin kirki, a cikin duhu, ba mai gani. Shi ke nan abin da nake so da shi."

Baba ya ce in kawo. Na buɗe kabad, na ciro. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

"Wannan ba shi ya dame ni ba. Na cikin wayar za ku cire."

Aka kira Hatimi. Ya zo ya gaishe ta har ƙasa, ya kira ta Mama, ya ce wallahi bai ji daɗi ba, masu wasa da hoton 'yan iska ne. Ta bar shi ya gama.

"Ɗana, ka cire."

"Mama, wato yadda abin yake, shi littafin ba a gogewa. Shi ne ma amfaninsa."

"Amfanin wa?"

"Kuma hatimin ya bar hannuna, ya wuce mutum uku. Amma akwai kaso da ke shigowa duk lokacin da aka sayar, zan iya ware miki naki..."

"Ka ware mini kason cikina."

Ta ɗauki wayarta, ta dubi Baba ta ce, "Na ɗauka kai mai ajiya ne." Ta fita. Hoton na hannun Baba har lokacin, bai san inda zai ajiye shi ba. Da yamma ya ce in ɗauko littafi in goge duk inda na rubuta an karɓa. Da biro na rubuta. Sai dai na ja layi.

A tsakar gida aka yi zaman. Yaya ta riga kowa magana. Ta ce mijinta ya tambaya, Baba ya ce in mai hoto ya yarda, kuma duk garin nan wa ake kira Mai Hoto?

Na ce, "Da ya ce an samu mai hoto ya biya fa? Baba ne ya biya kansa?"

"Ke dai ba kya son shi tun farko."

"Ina son shi kamar yadda kaza ke son shaho."

"Tabaraun da ke idon Baba daga sama ya faɗo? Fankar da kike sha wa iska fa?"

Baba ya cire tabaraun ya ajiye a tabarma. Bai sake sa shi ba.

Hatimi ya bari ƙura ta lafa, sannan ya kawo abin da ya kira mafita. Akwai wani babban mai saye da ke son kwalin gaba ɗaya, sauran ɗari biyu da saba'in da wani abu. Sharaɗinsa guda ne: bayan an shigar da su, a ƙona takardun a gaban kyamara, don ya zama ba wani na asali sai nasa. Da abin da za a samu, in ji shi, za a sayo hatimin Malama a rufe shi, a nemo sauran mutanen a ba kowa kasonsa, Baba ya huta da zaman shago.

Na ce, "In ka sayo hatimin, kan jakin zai fita daga wayar 'yan ajin jikarta?"

"Wannan daban."

"Wato ka yi wa mutum arba'in tsirara, za ka saya musu zane da tsiraicin ɗari biyu."

"Rajista, ki bar maganar zuciya. Mutanen nan rabinsu sun mutu. Gara su ruɓe a kwali, ko gara iyalansu su samu wani abu? Ni na san abin da ake ji in ana cin aikinka kana kallo. Baba ya yi shekara talatin yana aiki, me ya tara?"

Kowa ya dubi Baba. Ya tsufa a cikin makon nan fiye da yadda ya tsufa a shekara biyar. Ya ce, "Ni bakina ya riga ya yi ɓarna sau ɗaya. Makulli na hannunta."

Yaya ta juyo. "Ƙanwata, ina da ciki. Kin sani. Watanni uku ba abin da ya shigo masa sai na hotunan nan. Ki duba ni."

Na dube ta. Ita ta goya ni, ita ta koya mini kitso, rabin abin da na sani na gidanmu daga bakinta na ji. Na ce ba zan bayar ba.

Wata bakwai ke nan ba ta yi mini magana ba. Ta haihu, a bakin maƙwabta na ji, na je ta juya fuska bango. Hatimi ya koma buga takardu, a shagon wani yaronsa na da. In mun haɗu a hanya yana gaishe ni da fara'a, yana tambayar jikin Baba, kuma ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa wata yarinya mai taurin kai ta toshe wa gidansu arziki saboda kalma ɗaya. Kason hotuna arba'in ɗin nan har yanzu yana shigo masa jefi-jefi. Ban ji ya ce ya ƙi karɓa ba.

Ni kuma duk Asabar ina ɗaukar guda biyar a ambulan in bi layi-layi da littafina, ina tambayar tsofaffi ko sun gane fuska. Na mayar da sittin da huɗu. Wasu sun yi kuka, wasu sun yi dariya, wani ya ce in mayar, ba ya son ganin kansa da gashi. Mutum biyu sun kore ni, sun ce ai mu ne masu sayar da mutane. Na Malama yana nan, a ƙasan kwali, fuskarsa a kife. Baba ya daina zama a bakin ƙofa, ciki yake shiga, kuma ya sa an sauke allon.

Dangi suna ta zuwa sulhu. Gwaggo ta ce in sassauta, yaron bai san abin da Baba yake nufi ba, 'yan zamani ba su jin magana irin ta manya. Na yi shiru, domin abin da na sani ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yaya. A nan zan ajiye shi.

Ranar da muke shigar da arba'in ɗin nan, Baba ya fita alwala, ina miƙa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa masa lamba ta hamsin da takwas. Wata siririyar mace ce zaune a kujera mai hannu, ta riƙe furen roba kamar za a ƙwace mata, ɗankwalinta ya ɗan zame. Ya karɓa zai ɗora a na'ura, sai hannunsa ya tsaya. Tsokanar da yake yi ta yanke a tsakiya. Ya juya bayan ya karanta rubutun Baba, ya sake juyowa. Sannan ya ce mahaifiyarsa ce, ta rasu yana shekara shida, kuma bai taɓa ganin hotonta ba sai ranar.

Na ce ya ɗauka mana, ai nasa ne.

Ya girgiza kai, ya leƙa ƙofa ko Baba na dawowa, ya mayar mini da shi a hannu, ya rage murya.

"A ɗakina komai sai ya shiga waya, na san kaina. Ki mayar da ita ƙasa, ki kulle. Don Allah, Rajista, ko ni na zo na roƙe ki, kar ki bari wannan ta shiga."